Ranar da Kawu Fahad Ya Goya Hannu a Baya

Asabar. Aikin farko: karɓo rigunan wasa daga wajen mai guga.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya zaunar da mu a wannan gari mai alfarma, ya ciyar da mu a cikinsa, ya ba mu 'ya'ya a cikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin da aka haifa a cikinsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Nasir, dattijon jama'armu ta unguwannin Jarwal da Misfala a nan Makka. Mai girma shugaban kwalejinmu, Dakta Talal, wanda ya ajiye hidimominsa ya zo ya zauna a ƙasa tare da mu. Malamanmu da limamanmu. Kabtin Marwan, mai horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta kwaleji, wanda saboda shi da yaransa aka yanka waɗannan raguna. Iyayenmu mata da ke ɓangarensu suna jin mu ta lasifika, musamman Hajiya Iyatu. 'Yan wasanmu da suka jeru can suna kallon faranti. 'Yan'uwa mazauna da 'yan'uwa ma'aikata, manya da ƙanana: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Sada, mutumin Katsina. Aikina a kwaleji shi ne kula da kayan ƙungiya: riguna, ƙwallaye, ruwan sha, da mabuɗin zauren wasa. Ni ba mai jawabi ba ne. Abin da na saba shi ne in rubuta kullum abin da na yi da abin da ya rage mini, shi ya sa ma wannan jawabi a shafin yau na rubuta shi, a ƙarƙashin maganar mai guga. Rigunan kuwa na karɓo su, ga su can a jikin masu su. Da Alhaji Nasir ya ce ni zan yi magana, na ce masa akwai waɗanda suka fi ni ilimi, akwai waɗanda suka fi ni baki. Ya ce ya sani, amma babu wanda ya kai ni daɗewa a gefen filin. Na rubuta na soke, na sake rubutawa na sake sokewa, har yanzu kuma ban tabbata na ajiye kowane abu a muhallinsa ba. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na kauce ku gyara mini bayan an ci abinci.

Kabtin Marwan ba ya jin Hausa, sai gaisuwa da kalmar “sannu”. Fahad, kyaftin ɗin 'yan wasa, shi ke zaune kusa da shi yana fassara masa. Fahad, ina roƙonka a gaban jama'a: idan aka zo wurin da aka ambace ka, kada ka taƙaita.

Ina godiya ga shugaban taro da ya tara mu. Ina godiya ga mai wannan istiraha, wato gidan shaƙatawar nan, da ya ba mu wuri. Ina godiya ga iyayenmu mata da suka yini a kan tukunya. Ina godiya ga direbobin da suka riƙa kai yaran nan Jidda da Ɗa'if bayan sun tashi daga dawam, wato aikin yini, ba tare da an roƙe su sau biyu ba. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Abubuwa uku nake so in faɗa. Na farko gajere ne, na biyu dogo ne, na ukun kuma roƙo ne.

Abu na farko shi ne yadda Kabtin ya same mu.

Lokacin da ya zo daga Jidda a farkon shekarar karatu, bai tarar da ƙungiya ba. Zaure ya tarar, da ni a ciki. Mun yi shekaru muna zama na ƙarshe a gasar kwalejojin yankinmu. Tsohon mai horarwa ya tafi, 'yan wasa sun watse, waɗanda suka rage ba su isa a raba su gida biyu a yi atisaye ba, har akan ce mini in tsaya a tsakiyar fili in ɗaga hannu, in zama abokin hamayya. A gabana Dakta Talal ya gaya wa Kabtin gaskiya, kuma ba na faɗin wannan don in zarge shi, domin shugaban da ya faɗa maka gaskiya tun farko ya kyauta maka. Cewa ya yi: “Ya Kabtin, ina son wasan nan, amma masu shirya jarrabawa suna neman zauren nan. Idan kuka sake zama na ƙarshe a bana, za a rufe ƙungiya a jera tebura.” To, wannan ita ce maganar da muka shiga shekara da ita. Ba a ce mu ɗauko kofi ba. An ce kada mu zama na ƙarshe.

Kabtin bai nemi a kawo masa 'yan wasa daga waje ba. Zagaya kwaleji ya riƙa yi, a ɗakin cin abinci, a ƙofar masallaci, yana tambayar ɗalibai wane ne ya yi aikin Hajji a Arfa. Na tambaye shi dalili, ya ce wanda ya yini yana sauke katan-katan na ruwa a ranar Arfa ba zai gaji a zaure mai sanyi ba. Ta haka ya tara yaranmu da 'ya'yan maƙwabtanmu. Kuma bai ce su zaɓa tsakanin wasa da neman abinci ba. Ya tsara atisaye yadda wanda ke taimaka wa babansa a shago a Misfala, ko wanda ke tura keken tsofaffin alhazai, zai yi aikinsa ya kuma zo fili. Ya fara da su daga ƙasa: yadda ake tsayuwa, yadda ake buga ƙwallo a ƙasa ba a kallon ta, yadda ake tare hanya. Wannan na ƙarshen ya ba shi wuya, domin ɗan Makka tun yana ƙarami ake koya masa ya kauce wa baƙo ya wuce. Sai ka ga ɗan wasan Ɗa'if ya taho da gudu, namu ya ɗan matsa masa gefe, kamar alhaji ne zai shiga Harami. Kabtin ya dafe kai ya ce: “Ya jama'a, wannan ba baƙon Allah ba ne, kwandonku ya zo nema!” Da sannu suka koya. Wannan gyaran, duk wahalarsa, shi ne mai sauƙin.

Abu na biyu shi ne maganar Fahad da Suhaibu, kuma ita ce zuciyar abin da na tsaya faɗa.

Mafi yawanku kun san su, amma saboda baƙinmu bari in bayyana. Fahad shi ne autan Hajiya Iyatu. Suhaibu kuma ɗan babbar 'yarta ne, Maimuna. Wato Fahad kawun Suhaibu ne, ko da yake tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a kira ta tazara ba. Gida ɗaya suka tashi a Jarwal, kwano ɗaya suka ci. Fahad yana shekararsa ta ƙarshe a kwaleji. Shi ne bai gudu ba lokacin da kowa ya gudu. Shi ne ya riƙe ƙungiyar nan a shekarun da ake cin mu kamar tuwo, shi ke jefawa, shi ke tsarewa, shi ke ba sauran haƙuri a mota idan muna dawowa. Ina so a rubuta masa wannan kafin in ci gaba. Suhaibu kuwa bana ya shigo.

Tun makon farko Kabtin ya ga hannun Suhaibu. Yaron nan idan ya tsaya shi kaɗai a zaure yana jifa daga nesa, sai ka gaji da ɗebo masa ƙwallo kafin ya kuskure. Ni ne mai ɗebowar, na san abin da nake faɗa. Kabtin ya ce mini: “Ya Sada, wannan yaron ne zai hana a jera tebura.”

Amma da aka fara gasa, sai muka ga wani abu dabam. A ba Suhaibu ƙwallo, babu kowa a gabansa, kwando na kallonsa yana kallon kwando, sai ya juya ya nemi inda kawunsa yake ya miƙa masa. Ko Fahad na kusa, ko Fahad na nesa, ko mutum biyu sun rufe Fahad, shi zai miƙa wa. Fahad kuma ya karɓa ya jefa, wata ta shiga, da yawa su ƙi. Abokan hamayya ba su daɗe ba suka gane. Suka riƙa sa mutum biyu a kan Fahad, su bar Suhaibu shi kaɗai kamar wanda ya zo kallo.

Kabtin ya yi zaton tsoro ne. Ya kira shi ya lallashe shi, Suhaibu ya sunkuyar da kai ya ce “Tayyib, ya Kabtin,” wato to, ya ji, washegari ya sake miƙawa. Kabtin ya yi masa tsawa, ya ce “Tayyib,” ya sake miƙawa. Kabtin ya ce to bari ya zaunar da Fahad a benci ya gani. Jama'a, ranar ce Suhaibu ya yi wasa mafi muni a rayuwarsa. Idonsa na kan benci, kunya ta hana shi sakewa, wai shi yana fili kawunsa na zaune. Da ƙwallo ta zo hannunsa kuma, sai ya duba cikin waɗanda suka rage ya miƙa wa wanda ya fi shekaru.

Ni kaina ina gefen fili ina kallon wannan duka, ban ga komai ba. Ba don ba na lura ba, sai don a idona yaron daidai yake yi. Na ga ƙarami ya samu abu ya miƙa wa babba, me zan gani a nan? Kabtin ne, da yake idon baƙo gare shi, ya zaunar da ni gaban hoton bidiyon wasanninmu, yana tsayarwa yana nuna mini. Ya ce: “Wannan ba tsoro ba ne. Mai tsoro jefar da ƙwallo yake yi ga duk wanda ya samu. Wannan zaɓa yake yi. Me ke tsakaninsa da Fahad?” Na ce kawunsa ne. Ya ce ya sani, sai me? Ni kuwa ban taɓa jin an tambayi dalilin wannan ba. Na ce masa, abin da zan iya kawai shi ne in kai shi wurin wadda ta rene su.

Wata Juma'a bayan la'asar muka hau benen Hajiya Iyatu a Jarwal, ni da Kabtin da su biyun. Aka kawo shayi. Suhaibu ya zuba, ya miƙa wa Kabtin, ya miƙa mini, ya miƙa wa kawunsa da hannu biyu, sannan ya koma bakin ƙofa ya zauna. Kabtin ya dube ni, na dube shi. Ya yi wa Hajiya bayani da Larabci cikin ladabi, ya ce jikanta yana da baiwar da bai cika gani ba, kuma yana roƙonta ta umarce shi ya daina miƙa wa kawunsa ƙwallo, idan ya samu ya jefa da kansa.

Hajiya tana jin Larabci sarai, ta fi ni ma, amma da Hausa ta amsa, ta ce in fassara. Ta ce: “Sada, gaya wa baƙon nan na gode da ya hawo benena. Amma tun yaron nan yana rarrafe nake koya masa idan abu ya zo hannunsa ya fara duba na gaba da shi. Yanzu ya koya, sai in kira shi in ce ya manta? Gobe idan na tsufa ya sha ruwa ya bar ni ina kallo, wurin wa zan kai ƙara, wurin ƙwallo?”

Na fassara, ina ragewa saboda kunya. Hajiya ta ce: “Ina jin ka, Sada, faɗa masa duka.” Na faɗa duka. Na ce a raina shi ke nan, tebura sun shigo.

Sai Hajiya ta juya wurin autanta. Ta ce: “Kai Fahad, da kuna ƙanana kuna cin abinci da yayyenka a kwano ɗaya, wa ke fara tsame hannu?” Ya ce su Yaya. Ta ce: “Sun ƙoshi ne?” Ba ta jira amsarsa ba. Ta ce: “Ba ƙoshi suka yi ba, bar maka suke yi. Yaro aikinsa ya miƙa. Babba aikinsa ya san lokacin da zai ce a'a, ci kai. Suhaibu yana yin nasa. Kai ne ba ka yin naka. Ba yaron za a gyara ba, ya Kabtin, ga wanda za a gyara nan a zaune da kofi a hannu.”

Wannan ban rage komai ba wajen fassara shi.

Da zan so in ce muku daga ranar komai ya gyaru, amma ba haka aka yi ba, kuma Fahad yana nan, ba zai bari in ƙara gishiri ba. A kan matakala muna saukowa ya ce mini: “Baba Sada, ni ne na zauna lokacin da kowa ya tafi. Shekarata ta ƙarshe ce. Yanzu kuma in tsaya ina kallon ɗan yayata yana ci?” Maganarsa kuwa akwai gaskiya a ciki. Kabtin kuma bai sake tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Na tambaye shi ko ba zai matsa masa ba, ya ce: “Uwarsa ta faɗa. Idan na maimaita, ya zama umarnin koci, kuma wannan ba abin da ake yi da umarni ba ne.” Na yi shakkar hikimar wannan shirun. A shafuka da yawa na rubuta cewa ina ganin Kabtin ya yi sake. Aka ci gaba da wasa, Suhaibu na miƙawa, Fahad na karɓa. Tsaronmu ya yi ƙarfi, muka ci wasu wasanni da a da ba ma ci, amma ba su isa su fitar da mu daga ƙasa ba.

Haka muka kai wasan ƙarshe, a zaurenmu, da wata kwaleji daga Ɗa'if. Mu da su ne a ƙasa. Wanda aka ci shi ne na ƙarshe. Da yawanku kuna wurin, kun cika zauren har da tsaye, wasunku ma ba su san dokar wasan ba, sun dai ji an ce 'ya'yanmu na cikin matsi. Dakta Talal yana zaune a gaba. Ni ina gefe da tawul a kafaɗa, ina kallon bangon zauren ina ƙiyasta inda teburan za su fara.

Aka zo ƙarshen wasa suna gabanmu da maki ɗaya, lokaci ya kusa ƙarewa, ƙwallo a hannunmu. Kamar yadda kowa ya sani za a yi, mutum biyu suka bi Fahad. Ƙwallo ta zagayo ta faɗa hannun Suhaibu a kusurwa, babu kowa kusa da shi. Kamar yadda kowa ya sani zai yi, ya ɗaga kai yana neman kawunsa. Fahad kuma a daidai lokacin ya kufce wa masu tsaronsa, ya fito fili. Ina so ku riƙe wannan: ba a rufe yake ba. Da an miƙa masa da ya karɓa, kuma wataƙila da ta shiga, ya tafi da sunan wanda ya ceci ƙungiya a wasansa na ƙarshe. Suhaibu ya riga ya fara tura hannu zai miƙa.

Sai Fahad ya tsaya cik. Ya mayar da hannayensa biyu baya ya goya su, kamar dattijon da ya fito daga masallaci yana duba unguwa. Ya dubi ɗan yayarsa ya ce, da Hausa, da ƙarfin da na ji daga inda nake: “Na ƙoshi. Ci kai.”

Yaron ya tsaya da ƙwallo a hannu. Babu hannun da zai miƙa wa. Ni dai na rufe fuskata da tawul, saboda haka ba zan yi muku ƙaryar na ga shigarta ba. Ihunku ne ya gaya mini. Da na buɗe ido, na ga mutane sun cika fili, na ga Dakta Talal a tsaye yana tafi, na ga Kabtin zaune a ƙasa. Suhaibu kuwa bai yi tsalle ba, bai yi gudu ba. Wurin kawunsa ya nufa kai tsaye, ya sumbaci kansa, yana cewa: “Yi haƙuri, Kawu.” Fahad ya ce masa: “Haƙurin me, ya walad, kai yaro? Da ka kuskure ne da ka ga haƙuri.”

Ba mu ɗauko kofi ba, jama'a. Na biyun ƙarshe muka zo. Na san akwai garuruwan da ba a yanka rago saboda na biyun ƙarshe. Amma zauren yana nan, kwanduna suna rataye, kuma Dakta ya gaya wa Kabtin ya fara shirin baɗi.

Ya Kabtin Marwan, Fahad zai fassara maka wannan, ina fata daidai. Mun gode maka da ka ga abin da mu muka kasa gani saboda sabo. Mun gode maka da ba ka raina shi ba bayan ka gan shi. Mun gode maka da ka hau benen tsohuwa ka zauna ka ji an ƙi roƙonka, ba ka yi fushi ba. Mun gode maka da shirun da na yi ta zarginka a kansa. Ka zo ka tarar da zaure da mutum ɗaya, yau ga ƙungiya, ga jama'a a bayanta.

Hajiya Iyatu, muna jin dariyarki daga nan. Allah ya ƙara miki lafiya. Suhaibu, kada ka daina miƙawa, amma idan an ce ka ci, ka ci, kada ka tsaya sai an maimaita. Ka kusa kashe mu a ranar. Kai kuma Fahad, shekara da shekaru ina wanke rigarka, na ga ƙwallayen da ka ci ba su ƙirguwa, amma wadda zan riƙa ba da labari ita ce wadda ba ka taɓa ba.

Abu na uku roƙo ne, kuma ga manya nake yin sa, har da ni. Mu da muke zaune a garin da ba a jin harshenmu a kasuwa, kullum tsoronmu kada 'ya'yanmu su tashi ba su san girman na gaba ba. Saboda wannan tsoron muke matsa musu, kuma alhamdu lillahi sun koya: suna miƙa mana kujera, suna miƙa mana shayi, suna miƙa mana magana. Abin da nake tambaya, kuma ban tabbata ina da ikon tambayarsa ba, shi ne: mu muna yin namu rabin? A shagunanmu, a ƙungiyoyinmu, a gidajenmu, akwai matasan da hannunsu ya fi namu daidai, suna tsaye babu kowa a gabansu, suna miƙo mana saboda ladabi, mu kuma muna karɓa saboda sabo. Ba na cewa mu tashi mu bar musu wuri gaba ɗaya. Fahad ma bai fita daga fili ba, yana nan a tsaye, shi ya ja mutum biyu ya buɗe wa yaron hanya. Abin da nake roƙo shi ne kowannenmu ya duba, a cikin abin da ke hannunsa, wanne ne lokaci ya yi da zai ce na ƙoshi. Ku turo mana 'ya'yanku da ke kwaleji su gwada. Ku zo kallo ko ba ku gane wasan ba. Ku bar su su zo atisaye idan shago ya yi sauƙi.

Allah ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka haɗa shi. Allah ya saka wa Kabtin Marwan, ya tsare masa iyalinsa, ya sa hanyar Jidda ta zame masa mai sauƙi. Allah ya ba shugaban kwalejinmu ikon riƙon amana. Allah ya ba Fahad aiki mai albarka bayan karatu, ya ba shi 'ya'yan da za su miƙa masa da hannu biyu. Allah ya raya mana matasanmu a kan ladabi, ya ba manyanmu sanin lokacin tsame hannu. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka taka ƙasa daga nesa suka zo wannan gari, waɗanda ke kwance a nan da waɗanda suka kwanta a hanya. Allah ya karɓi ibadar baƙinsa, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.

Shugaban taro, saura layuka kaɗan a ƙasan shafin, ayyukan gobe ne. Zan karanta su saboda masu su suna nan, kada wani ya ce bai ji ba.

A dawo mini da rigunan nan, ba tare da man rago a jiki ba.

A canza ragar kwandon gabas, ta yage tun ranar wasan.

A kai wa Hajiya Iyatu hoton ƙungiya da ta ce a kawo mata.

A sake yi wa Suhaibu magana kan rigar kyaftin da Fahad zai bar masa. Har yanzu ya ƙi karɓa, wai ta Kawu ce.

Na ƙarshe, kuma wannan na Fahad ne, ba nawa ba: Wada, ƙanin Suhaibu, ya sami gurbi a kwaleji, Kabtin ya ga jifansa ya dafe kai don mamakin kyansa. A fara koya wa Suhaibu yadda ake goya hannu a baya.

Na gode.